Tsakanin Ikko Da Jidda: Awa Nawa Ne A Jirgin Sama?

Kowace shekara, da zarar an sha Ƙaramar Salla aka fara kiran maniyyata bita, akwai wata gardama da takan taso a majalisun Hausawa na Agege da Idi Araba da Obalende da Sabon Badun, ita ce ta tsawon tafiya daga Ikko zuwa Jidda. Wani Alhaji zai rantse awa bakwai da rabi suka yi a sama, domin da ƙarfe sha biyun rana suka tashi, da suka sauka kuwa agogon filin jirgi ya nuna bakwai da rabi na dare. Wani ya ce sam, shi ranar da ya dawo ko awa huɗu ba su cika ba. Na uku, wanda ya je Umra a jirgin yawo, ya ce shi kam kwana ya yi a hanya, har ya ga garin da bai yi niyyar gani ba. Kowannensu abin da ya gani ya faɗa, amma mai niyyar tafiya da ke zaune a gefe yana saurare sai ya tashi bai san maganar wanda zai kama ba.

Abin kuwa ya wuce na hira. Mutumin Arewa da ke neman abinci a Kurmi yana da shawarar da ɗan'uwansa na gida ba ya fama da ita. Zai tashi daga Ikko ne, ko kuwa zai koma gida ya tashi daga Kano ko Sakkwato ko Maiduguri? Zai sayi tikitin jirgin da ke miƙewa, ko mai araha wanda ke yada zango a wata ƙasa? Kowace daga cikin waɗannan tana cin kuɗi, tana kuma cin kwanaki, ga shi kuwa mai shanu ko mai goro ko mai canji da ya bar wurin sana'arsa a hannun yaro, kwanakin nan ƙirga su yake yi ɗai-ɗai.

NISAN A MIƘE

Idan aka ja zare a kan taswirar duniya mai kama da ƙwallo, daga filin jirgin sama na Murtala Muhammed da ke Ikeja zuwa filin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, za a sami kimanin kilomita 4,200, watau mil 2,600 da 'yan kai. Daga Kano kuwa kimanin kilomita 3,400 ne. Wanda za a sauke a Madina daga Ikko, nasa ya ɗara kaɗan, wajen kilomita 4,350.

Hanyar ba baƙuwa ba ce ga duk mai salla. Wanda ya tsaya a masallaci a Agege, in dai alƙiblarsa ta yi daidai, to hanyar jirgin ke nan ya fuskanta, watau gabas, amma a karkace zuwa arewa da wajen digiri 27. Zaren nan yana bi ta kudancin Abuja da Jos, ya gifta dab da Maiduguri ta kudu, ya hau kan Njamena, garin da tsofaffin alhazai suka sani da Fallomi. Daga nan ya ratsa ƙasar Cadi ta arewacin Abashe, ya shiga hamadar arewacin Darfur, ya ƙetare kogin Nilu kusa da Dongola, ya bar Hartum can kudu, sa'an nan ya faɗa Bahar Maliya ta arewacin Bur Sudan. Ƙetare tekun nan, wanda mutanen da suke wa kallon babban haɗarin tafiya, bai fi na wajen minti ashirin ba.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne yawan rabon da Nijeriya ita kanta ta ɗauka. Daga Ikko zuwa bakin iyakar Barno ya kai kilomita 1,300, kusan sulusin tafiyar ke nan. Alhajin da ya ci abinci a jirgi, ya ɗan yi gyangyaɗi, ya farka bayan awa ɗaya da rabi yana tsammanin ya kusa Makka, to bai ma gama fita ƙasarsu ba. Wani sulusin kuma na Sudan ne, kuma a nan ne wahalar shekarun baya-bayan nan ta taso, kamar yadda bayani zai zo.

Jiragen da ke wannan aiki suna tafiya ne a sama da ƙafa 30,000, suna gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa guda, watau kusan kilomita 15 a kowane minti. In aka raba 4,200 da wannan gudu za a sami awa biyar ba kaɗan. Sai a ƙara lokacin da jirgi ke ci yana hawa, da wanda yake ci yana gangarowa, domin a duka biyun ba ya cika gudu. A kuma ƙara 'yan kwane-kwane, don jirgi ba ya bin zare sak, akwai hanyoyi da aka shata masa a sama, masu kula da zirga-zirga na kowace ƙasa suna miƙa shi ga na gaba. In an tattara, daga Ikko awa biyar ne zuwa biyar da rabi, daga Kano kuwa huɗu zuwa huɗu da rabi, muddin hanyar a buɗe take.

RIKICIN AGOGO

To ina Alhajin farko ya samo awa bakwai da rabi? A jikin bango ya samo su. Agogon Saudiyya yana gaba da na Nijeriya da awa biyu cur. Jirgin da ya tashi daga Ikko da sha biyun rana, ya yi awa biyar da rabi, zai sauka agogon hannun Alhaji yana cewa biyar da rabi na yamma, na bangon Jidda kuwa yana cewa bakwai da rabi. Ranar dawowa sai abin ya juye: a tashi daga Jidda da sha biyu, a sauka Ikko da uku da rabi, mutum ya ɗauka jirgin ne ya yi sauri. A takardar tikiti, lokacin tashi na agogon garin da aka tashi ne, na sauka kuwa na garin da aka sauka ne. Wanda bai san haka ba yakan sa 'yan'uwa su zo tarya awa biyu kafin lokaci, ko su makara da awa biyu, kuma a Ikko, inda zuwa Ikeja kaɗai kan cinye rabin yini, wannan ba ƙaramin ɓata rai ba ne.

Akwai masu cewa juyawar duniya ce ke sa dawowa ta fi sauri, wai ƙasa ce ke tahowa ta taryi jirgi. Ba haka ba ne, domin iskar da jirgi ke tafiya a cikinta tare take juyawa da duniya. Abin da ke ƙara ko rage 'yan mintoci shi ne iskar can sama. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, akwai wata iska mai ƙarfi da ke busowa daga gabas a saman Sudan da Cadi, ita takan taimaki mai dawowa gida, ta ɗan danne mai tafiya. Da hunturu kuwa iskar yamma ce ke da ƙarfi a saman hamada, sai ribar ta koma ga mai tafiya. Tun da yake aikin Hajji yana matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, yana zagaye damina da rani cikin shekara 33, uba da ɗa za su iya bin hanya ɗaya su ba da labari iri biyu.

Ga Musulmi awa biyun nan ba na agogo ba ne kaɗai, har rana ma ta san da su. Tsakanin Ikko da Jidda rana tana da ratar wajen awa biyu da minti 24, saboda haka mai tafiya gabas yininsa gajarta yake yi. A jirgin sha biyun nan da aka yi misali da shi, Azahar za ta shiga jim kaɗan bayan an tashi, La'asar ta biyo ta da wuri fiye da yadda aka saba, rana kuma ta faɗi tun ba a sauka ba, alhali agogon hannu yana nuna biyar da 'yan mintoci. Wanda ya ce bari sai an sauka, to ya iske Magariba ta riga shi. Shi ya sa ya kamata mutum ya shiga jirgi da alwalarsa, ya kuma tambayi malami hukuncin ƙasaru da haɗa salloli tun a wurin bita. Mai zuwa Umra da azumi, in ya zaɓi ya yi azumin duk da sauƙin da aka yi wa matafiyi, ba ya shan ruwa da agogon Ikko ko na Jidda, sai ya ga rana ta faɗi daga inda yake. A tafiya zai ga ta yi masa rangwame, a dawowa kuwa sai ta ƙi faɗuwa.

Haka kuma maganar miƙati. Wanda aka sauke a Madina, kamar yadda aka yi wa da yawa daga alhazan Nijeriya a shekarun baya-bayan nan, ba shi da damuwa, zai ɗauki harami a Zulhulaifa a tsanake ranar da zai tafi Makka. Amma wanda zai sauka Jidda ya zarce Makka, zai zo saitin miƙati ne yana sama, jirgi na cin kilomita goma sha a minti guda. Malamai sun yi saɓani game da ɗaukar harami a Jidda ita kanta, don haka masu gudun shakka sukan yi wanka su ɗaura mayafan harami tun daga Ikeja, in an yi sanarwa a jirgi sai niyya da talbiyya kawai. Layin ban-ɗakin jirgi ba wurin da mutum ɗari huɗu za su sake tufafi cikin minti goma ba ne.

HANYAR MUTANEN DA

Zaren nan da jirgi ke bi ba shi da nisa da sawun kakanni. Mahajjatan ƙasa sukan fita ta Barno, su bi ta Fallomi da Abashe, su shiga Darfur ta Junaina, su wuce Alfashir da Al'ubayyid, su kai Nilu, daga nan su nufi Sawakin ko Bur Sudan su jira jirgin ruwa. Ayarin da ke cin kilomita 25 a yini, ko da a miƙe ya bi bai huta ko sau ɗaya ba, sai ya yi kwana 168 kafin ya cinye kilomita 4,200. Tafiyar yini guda ta mai jaki, jirgi yana cinye ta kafin minti biyu su cika. Ba wanda kuwa ya taɓa yin ta ba hutu, domin guzuri kan ƙare, mutum ya tsaya ya yi ƙodago ko noma ya tara na gaba. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, mahajjata da yawa suka tsaya aiki a can, shekara ta zama shekaru, wasu suka hayayyafa ba su ci gaba ba, ba su kuma dawo ba. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya kafa tare da mutanen da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, a kan wannan hanya yake. A wancan zamani mai niyyar Hajji yakan yi wasiyya ya raba abin da zai raba kafin ya fita.

Masu hali sun sami wata hanyar, kuma ta Ikko ta bi. A 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya shiga jirgin ruwa ya fara zuwa Ingila, daga can ya wuce Jidda, tafiyar da ta ci watanni. Watau don ya je gabas sai da ya fara yin kudu, ya yi arewa, sa'an nan ya juyo.

Jirgin sama da ya zo, sawun mahajjata ya bi, sai dai daga gabas ya taho. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan sama na Ingila suka sauka Kano, sun taso daga Masar ta Hartum da Alfashir da Fallomi. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Hartum da Kano, yana tsayawa a garuruwan nan na hanya ɗaya bayan ɗaya, kafin shekarar ta ƙare kuma aka miƙa hanyar zuwa Ikko. Jiragen lokacin ƙanana ne, ba sa iya dogon zango, tafiyar kwanaki ce. Wajen ƙarshen shekarun 1940 wasu attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka shirya jigilar alhazai da motoci zuwa Sudan, shekaru suka koma watanni, a shekarun 1950 kuma aka soma ɗaukar alhazai a jirgin sama sosai. Gwamnatin Jihar Yamma ta kafa hukumar jin daɗin alhazai a 1958, ta tarayya kuma ta kafa tata a 1975, kuma a 1977 alhazan Nijeriya sun haura dubu ɗari. Sabon ginin filin jirgi na Ikeja an buɗe shi a 1979, na Jidda mai rufi kamar tantuna kuwa a 1981.

Saurin bai zo a banza ba. Ranar 22 ga Janairu 1973 wani jirgi samfurin Boeing 707 ya taso daga Jidda cike da alhazai, Ikko ya nufa, amma saboda rashin kyan yanayi aka juya shi zuwa Kano, inda ya yi haɗari wajen sauka. Mutum 176 suka rasu daga cikin 202. Allah ya jiƙansu. Har gobe kowane jirgi yana ɗaukar man da zai kai shi wani filin dabam in na farko ya gagara, kuma hadarin damina a Ikko ko hazon hunturu a Kano suna iya ƙara wa tafiya awoyin da ba a rubuta a tikiti ba.

DA SUDAN TA RUFE

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum tsakanin sojan gwamnati da dakarun RSF, aka rufe sararin samaniyar Sudan, saura 'yan makonni a fara jigilar alhazan wannan shekara. Sulusin hanya ya toshe ke nan dare ɗaya. Jirgi ba shi da zaɓi sai ya kewaya, ko ta arewa wajen Masar, ko ta kudu ya ɓullo ta Habasha, kuma kewayen ya ƙara wajen awa biyu ko fiye a kowane sawu. Kamfanonin jiragen gida suka yi jinkirin sa hannu a yarjejeniyar jigila da Hukumar Alhazai ta Ƙasa, sai da aka yarda da ƙarin dala 250 a kan kowace kujera. Ko kilomita ɗaya bai ƙaru tsakanin Ikko da Jidda ba, amma maniyyacin da bai taɓa taka Hartum ba ya ji yaƙinta a aljihunsa. Saboda haka Alhajin da ya je a 2023 in ya ce awa bakwai ya yi a sama, kada a yi saurin cewa agogo ne ya ruɗe shi. Mai niyya kuwa ya tambayi kamfanin da zai ɗauke shi ta ina za a bi a shekararsa, kada ya dogara da labarin wanda ya je shekara goma da suka wuce.

Awa biyun nan suna da wata illa da ba a gani daga kujera. A 2023 kujera 95,000 aka ba Nijeriya. Ko da kowane jirgi mutum 500 yake ɗauka, sawu 190 ke nan, ga jiragen kuwa 'yan ƙalilan ne. Jirgin alhazai yana tafiya a cike ya dawo wayam don ya ɗebi na gaba, wannan ma yana daga cikin abin da ke sa kujerarsa tsada. In hanya a miƙe take, awa biyar da rabi zuwa, biyar da rabi dawowa, da awoyin lodi da shan mai a kowane gefe, jirgi zai yi sawu guda a yini har ya sami sararin numfashi. In aka ƙara awa huɗu a kai, sararin ya tafi. Taya ɗaya ta ba da matsala a Jidda, ko biza ta makara wa mutanen wata jiha, sai jerin gaba ɗaya ya goce, waɗanda aka kira sansanin alhazai na Ikeja ranar Talata su wayi gari Alhamis suna kan tabarma. Yawancin kwanan sansani daga irin wannan lissafi yake fitowa.

IKKO KO GIDA?

Tsakanin Ikko da Kano a sama kilomita 830 ne da ɗoriya, tafiyar awa ɗaya da rabi ba ta cika ba. A ƙasa kuwa ya kai kilomita dubu, kuma duk wanda ya taɓa shiga babbar mota ya san yini ne da kwana, in hanya ta yi kyau. Titin jirgin ƙasa daga Ikko zuwa Kano mil 700 ne. Watau mutumin da ya bar Agege ya tafi Kano a mota don ya tashi daga can, ya yi zaman da ya ninka na Ikko zuwa Jidda sau uku, abin da ya rage wa kansa a sama kuwa awa ɗaya ce tak. In don gajarta tafiya ne, babu riba a ciki ko kaɗan.

Amma ba don wannan mutane ke komawa ba, kuma bai kamata a raina dalilansu ba. Akwai sallama da iyaye da neman gafararsu, akwai bita da harshen da mutum ya fi ji, akwai zama ɗaki ɗaya da 'yan garinsu a Makka da Mina, wanda ga dattijo ko Hajiyar da ba ta taɓa fita ba ya fi awa goma daraja. Abin lura kawai shi ne jirgin hukuma inda ya ɗauki mutum nan yake mayar da shi, da shi da jakunkunansa. Wanda ya tashi daga Kano, Kano zai sauka, ya yi kwanakin karɓar barka da zuwa, sa'an nan ya sake ɗaukar hanyar Kurmi. Mai sana'a ya ƙara mako biyu a lissafinsa, bai yi yawa ba.

TIKITI MAI ARAHA

Saura Alhaji na uku, mai jirgin yawo. Masu zuwa Umra daga Ikko galibi jiragen haya na yau da kullum suke bi, waɗanda kowannensu sai ya fara kai mutum garinsu. Ta Alƙahira, kilomita 3,900 da wani abu ne zangon farko, 1,200 na biyu, jimla wajen 5,150. Ta Adis Ababa wajen 5,300. Ta Santambul kusan 7,000. Ta Dubai kuwa 7,600, domin jirgin zai wuce Jidda ya bar ta baya da kilomita 1,700, sa'an nan wani ya komo da mutum, watau saura kaɗan a ninka hanya biyu. Wannan kuwa nisa ne kawai. Abin da ya fi cin rai shi ne zaman jiran jirgi na biyu, wanda zai iya zama awa biyu, zai iya zama goma sha biyu, a kan kujerar ƙarfe, cikin sanyin na'ura, a inda kwalbar ruwa ke da farashin kwanon abinci.

Wakilin da ke sayar da tikiti a Ikko zai faɗi farashi, ya faɗi ranar tashi, amma ba kullum yake faɗin tsawon zangon ba sai an tambaya. Abin tambaya kuwa kaɗan ne: ƙarfe nawa za a tashi, ƙarfe nawa za a sauka Jidda ko Madina da agogon can, kuma tikiti ɗaya ne har ƙarshe ko biyu aka haɗa. In an sami lokutan biyu, a cire awa biyun bambancin agogo, abin da ya rage shi ne tsawon tafiyar. Maganar tikiti biyu kuwa tana da muhimmanci, domin in jirgin farko ya makara na biyu ya tashi, kamfani ba ya ɗaukar nauyin wanda tikitinsa a rabe yake, kuma kaya ma sai mutum ya fita ya karɓa ya sake aunawa, a ƙasar da watakila ba shi da bizar shiga. Saurayi mai ƙarfi zai iya sayen arahar da zaman awa goma. Wanda zai tafi da mahaifiyarsa mai ciwon ƙafa ko ciwon sukari, gara ya ƙara kuɗin.

Ko an sauka ma da saura. A lokacin Hajji duba fasfo da ɗaukar hoton yatsu da jiran kaya da jiran mota sukan ci awoyi. Daga filin jirgin Jidda zuwa Makka kusan kilomita ɗari ne, zuwa Madina kuwa fiye da 400, watau awa biyar ko shida a babbar mota, daidai da zaman da aka yi daga Ikko. Jirgin ƙasa mai gudu na Haramaini, wanda aka buɗe a 2018, yana haɗa Makka da Madina ta Jidda cikin wajen awa biyu da rabi, amma tikitinsa dabam ake saye, kuma yawancin alhazan hukuma motocin da aka tanadar musu suke bi. In aka ƙirga daga sa'ad da mutum ya ja ƙofarsa a Agege ko Shagamu ko Sabon Badun, da cunkoson hanyar Ikeja, da awa ukun da ake so a iso kafin tashi, har zuwa sa'ad da ya ajiye jakarsa a masauki, ranar da kome ya tafi daidai ba za a rasa awa goma sha biyar zuwa ashirin ba. Don haka maganin da mutum ke sha kullum, da katin allurar shawara da ta sanƙarau, da mayafan harami, da ɗan abin taɓawa, a jakar hannu ake sa su, domin babbar jaka tun daga Ikeja ake rabuwa da ita, wani lokaci kuma sai a Madina za a sake ganinta.